Jaririn da ya zo da saura 'yan makonni: jagorar shayarwa ga mai jego da mutanen gidanta

Jaririn da aka haifa tsakanin mako 34 zuwa ƙarshen mako 36 na ciki, kamanninsa ne ke yaudarar mutane. Nauyinsa kan kai kilo 2 zuwa 2 da rabi, wani ma ya haura. Yana kuka, yana motsi, galibi ba a sa shi a kwalba, bayan kwana ɗaya ko biyu a sallame su daga asibiti. 'Yan barka su duba su ce ai wannan ba bakwaini ba ne, ɗan ƙaramin jiki ne kawai. Alhali a mako 34 ƙwaƙwalwar jariri ba ta wuce kusan kashi 65 cikin 100 na nauyin da za ta kai idan ciki ya cika ba. A cikin waɗannan makonnin da ya rasa ne yake koyon haɗa tsotso da haɗiya da numfashi a lokaci guda, kuma a cikinsu ne yake tara kitsen da zai riƙe masa ɗumi da ƙarfi.

Irin waɗannan jarirai suna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin ciki ya cika mako 37, mafi yawansu kuma a makonnin ƙarshe suka zo. Najeriya ce ta uku a yawansu, bayan Indiya da Pakistan.

Abin da ke faruwa a gida kusan iri ɗaya ne. Yaro ya kama nono, ya ja sau biyar ko shida, barci ya ɗauke shi. A ce masha Allah, yaron ba shi da rigima. Nono bai fita ba, jiki kuwa idan ya ga ba a ɗiba sai ya rage samarwa. Kwana huɗu ko biyar yaro ya rame, ido ya fara rawaya, sai magana ta koma kan uwa: nononki bai ƙosar da shi, ko ba shi da kyau. Hankalinta ya tashi, tashin hankalin ya ƙara riƙe ruwan nonon. Wannan zagayen ne jagorar nan ke son a yanke tun daga ranar farko.

Abin da damuwa ke yi wa nono, da abin da ba ta yi

Sinadarai biyu ne ke tafiyar da shayarwa. Furolaktin shi ke sa a ƙera ruwan nono, yana ƙaruwa duk lokacin da aka tsotsa ko aka tatsa, ya fi yawa kuma da dare. Oksitosin shi ke matse jakunkunan da nonon ke ciki ya turo shi waje. Wannan na biyun ne ke jin tsoro da zafin ciwo da kunya da gajiya. Idan uwa tana cikin fargaba, jikinta na sakin sinadaran da ke danne oksitosin, sai nono ya ƙi zubowa ko da kuwa ya cika tam. Kamar tanki ne cike da ruwa an murɗe masa famfo. Jariri mai cikakken ƙarfi zai dage ya yi ta ja har ya sauko. Wanda ya zo da wuri ba shi da wannan ƙarfin, zai gaji ya saki.

Ki riƙe wannan da kyau, 'yar'uwa: ɓacin rai ba ya lalata nono, ba ya mayar da shi guba, ba ya sa ya yi tsami. Nonon uwar da ta kwana tana kuka ya fi kowace madarar gwangwani dacewa da ɗanta. Gwajin da ake yi a wasu gidaje na jefa tururuwa ko cinnaka a cikin ruwan nono don a ga ko za ta mutu ba ya nuna komai, illa ya jefa uwa cikin zullumi a lokacin da ta fi bukatar natsuwa. Nonon matar da ta haihu da wuri ma ya ɗan bambanta da na wadda cikinta ya cika, ya fi yawan furotin a makonnin farko, daidai da bukatar jaririnta.

Mataki na farko: ki san ranar da ya kamata ya zo

Ki duba katin awo ko takardar hoton ciki, ki rubuta ranar da aka ƙiyasta za ki haihu. Daga yau har zuwa wannan ranar, ki ɗauka ɗanki yana ƙarasa abin da bai ƙarasa a ciki ba. Yawancin irin waɗannan jarirai sai sun kusa wannan ranar, ko sun ɗan wuce ta, suke iya shan nono da kansu har su ƙoshi. Sanin cewa wahalar tana da iyaka, ta mako 3 ce zuwa 6, yana rage nauyin zuciya ƙwarai.

Mataki na biyu: ƙirjinki ne ɗakinsa

Ki tuɓe masa kaya, ki bar famfas da hula da safa. Ki kwantar da shi a tsaye tsakanin nonuwanki, fatarsa na taɓa fatarki, kansa a juye gefe guda, haɓarsa a ɗan ɗage don hanyar numfashi ta buɗe. Ki ɗaure shi da zane, bakin zanen ya tsaya a daidai ƙasan kunnensa, sannan ki sa riga mai buɗewa ta gaba. Goyon baya ya jira tukuna.

Wannan goyon ƙirji, da ma'aikatan lafiya ke kira kulawar kangaru, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978, lokacin da kwalaben jarirai suka yi ƙaranci. Wani babban bincike da aka wallafa a 2021, wanda aka yi a asibitoci biyar a Indiya da Ghana da Malawi da Tanzaniya da kuma Ile-Ife a Najeriya, ya nuna fara shi nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kashi 25 cikin 100. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa duk jaririn da ya zo da wuri ko mai ƙarancin nauyi, awa 8 zuwa 24 a rana. Amfaninsa ga ke kanki ba ƙarami ba ne, domin taɓawar fata da fata tana sa jikinki ya saki oksitosin, bugun zuciyarki ya lafa. Idan barci zai ɗauke ki, ki jingina da matasan kai a kishingiɗe, kar ki kwanta shame-shame, kuma wani ya kasance kusa yana lura. Idan za ki shiga wanka ko salla, maigida ko kakar yaro su karɓa su ɗora a nasu ƙirjin.

Wankan jariri kada a yi shi kafin awa 24 da haihuwa. Bayan nan ma a riƙa goge shi da tsumma mai ɗumi cikin hanzari, musamman da hunturu. Jaririn da sanyi ya kama yana ƙona sukarin jininsa don ya ɗumama kansa, sai ya ƙara laushi ya kasa sha.

Mataki na uku: kar ki jira ya yi kuka

Wannan jaririn ba ya neman abinci yadda sauran ke yi, ke za ki nema masa. Ya sha aƙalla sau 8 zuwa 12 a cikin awa 24, kada a bar shi ya wuce awa 3 daga farkon shan da ya gabata, har da dare. Ki sa ƙararrawar waya. Alamun da za ki lura da su su ne motsin ido a ƙarƙashin fatarsa, motsa baki, kai hannu fuska, juya kai. Idan yana ƙirjinki za ki ji su tun kafin ki gani. Idan lokaci ya yi bai farka ba, ki canza masa famfas, ki shafa tafin ƙafarsa, ki matso ɗigon nono ki goga masa a leɓe.

Mataki na huɗu: riƙo da kamu

Wuyansa bai yi ƙwari ba, don haka riƙon da aka saba na ɗora kai a gwiwar hannu ba ya wadatarwa. Idan nonon hagu za ki ba shi, ki tallafe bayansa da hannun dama, tafin hannunki a kan kafaɗunsa, yatsunki suna riƙe da ƙeyarsa ta bayan kunnuwa, hannun hagu kuma ya riƙe nonon. Cikinsa ya manne da cikinki, hancinsa ya yi daidai da kan nono. Ki jira ya wangale baki, sannan ki jawo shi gare ki. Kamu mai kyau shi ne haɓarsa ta nutse a nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan nonon, ke kuma ba ki jin zafi.

Yanzu ki saurara. Akwai bambanci tsakanin mamular baki da sha na gaskiya. Mai sha yana buɗe muƙamuƙi sosai, ya ɗan dakata, ki ji wani ɗan sauti a maƙogwaronsa. Da kin ga ja ya yi rauni, ki matse nonon da tafin hannu daga can baya, ki riƙe a matse har ya sake haɗiya, ki saki idan ya huta. Idan minti 15 zuwa 20 sun wuce ya gaji, ki cire shi. Barin sa awa guda a kan nono yana gyangyaɗi ba ya ƙara masa komai, ƙarfinsa yake cinyewa da naki.

Mataki na biyar: ki tatsa abin da ya bari

Nan ne ake tsare nono daga ɗaukewa. Ki fara tun awannin farko bayan haihuwa, ko da an kwantar da yaro a ɗakin jarirai ke kina wani ɗakin. Ki wanke hannu da sabulu, ki ɗora tsumma mai ɗumi a nonon, ki ɗan murza shi a hankali. Ki sa babban yatsa a sama da manuni a ƙasa, kamar faɗin yatsa biyu daga kan nono. Ki danna ciki zuwa ƙirji, ki matse yatsun biyu, ki saki, ki maimaita, kina zagayawa. Kar ki ja kan nonon. Idan zuba ta ragu ki koma ɗayan.

A kwanakin farko ɗigo-ɗigo ne zai fito, mai kauri, rawaya-rawaya. Dakashi ke nan, kuma ko ɗigo ɗaya kada a zubar, shi ne rigakafin yaro na farko. Kar ƙarancinsa ya tsorata ki, cikin jariri a ranar farko bai fi ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu a sha guda ba. Nono kan kawo sosai tsakanin kwana 2 zuwa 4, yakan ɗan jinkirta ga wadda aka yi wa aiki, ko ta zubar da jini da yawa, ko mai ciwon sukari. Jimillar sha mai kyau da tatsa kada su gaza sau 8 a yini da dare, ɗaya a ciki ya faɗo a tsakiyar dare.

Abin da aka tatsa a zuba a kofi mai murfi da aka wanke aka ɗauraye da tafasasshen ruwa. A zafin ƙasarmu a yi amfani da shi kafin awa 4, idan bazara ce ma a gaggauta. Firiji yana ajiye shi har kwana 4, amma fa idan wuta ba ta ɗaukewa.

Mataki na shida: ba shi da kofi

A zaunar da jariri a cinya, a tallafe kansa, yana farke. A kai bakin ƙaramin kofi kan leɓensa na ƙasa, a karkata har nonon ya taɓa leɓen, a tsaya. Shi zai lasa ya kurɓa da kansa. Ba a ɗura masa, domin zai iya shaƙewa. Ranar farko mililita 5 zuwa 10 a kowane sha, kwanakin da ke biye 10 zuwa 30, daga nan ma'aikaciyar jinya ta faɗa miki adadi gwargwadon nauyinsa. Ki roƙi a nuna miki a aikace kafin a sallame ku. Kofi ya fi fida sauƙin wankewa.

Idan nonon da aka tatsa bai isa ba kuma likita ya ce a ƙara da madara, a ƙara, ba abin kunya ba ne, a ci gaba da tatsa. Amma ruwa, ko ruwan gulukos, ko jiƙo, ko zuma, ba su da wuri a cikin wannan ɗan cikin. Zuma ma ba a ba yaro sai ya shekara. Mai son yin sunnar dabino ya wanke hannu ya goga ɗan kaɗan a dasashi, shi ke nan.

Mataki na bakwai: a sauke wa uwa kaya

Shayarwa, kofi, tatsa, kowane awa 3, dare da rana. Duk wanda ya lissafa zai ga mace ɗaya ba za ta iya ba, kuma cewa mai jego "ki kwantar da hankalinki" alhali ba a rage mata komai ba ƙarin nauyi ne. Natsuwar mai jego aikin gida ne gaba ɗaya.

Maigida, ga naka. Lokacin da take tatsa, kai ko Inna ku ba yaro kofi, sai zagayen ya ƙare cikin minti 45 ta samu barci. Wanke kofuna, kuɗin mota zuwa awon nauyi, kula da manyan yara, tare baƙi a zaure, duk naka ne. Kuma idan wani daga danginka ya fara zancen nononta ba shi da kyau, daga bakinka ya kamata amsa ta fito, domin ita kunya ba za ta bar ta ba.

Sai batun barka da suna. Kwana bakwai na farko su ne mafi wuya ga wannan jariri, su ne kuma gidanmu ya fi cika. Mai jego ta yi kwalliya ta zauna tana amsa gaisuwa, yaro yana yawo hannu zuwa hannu, lokacin sha ya wuce ba wanda ya lura. Mai ɗan fari kuwa alkunya ma ba za ta bari ta ba shi nono a gaban surukai ba. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: a raɗa suna a yanka rago ranar bakwai, taron mata kuma a ɗaga shi sai yaro ya yi ƙwari. Idan ba zai yiwu ba, a ware wa mai jego ɗaki, a sa wata babba mai faɗa a ji a bakin ƙofa. Mai mura ko tari ya yi barka daga nesa.

Iyayenmu mata, al'adar zuwa wankan gida da hutun kwana 40 tana da alheri babba, domin tana ɗauke wa mai jego girki da shara. A riƙe wannan. Abin da ya kamata a sassauta shi ne ruwan da ke tafasa, da gashi, da kunun kanwa mai yawa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka kuma danganta shi da zafin da gishirin kanwar. Ruwa mai ɗumi ya wadatar. Ta ci tuwo da miyar zogale, wake, ƙwai, farfesu, kunun gyaɗa, fura, ta sha ruwa duk lokacin da ta ji ƙishi. Waɗannan suna gina uwa, amma abin da ke ƙara nono shi ne a riƙa fitar da shi.

Ke kuma, kafin kowane sha ki ba kanki minti biyar. Ki zauna inda bayanki ya jingina, ki sauke kafaɗu, ki ja numfashi ta hanci a hankali ki fitar da shi a hankali fiye da haka, kamar sau goma. Ki kunna karatun Alƙur'ani a ƙasa-ƙasa, ko ki yi zikiri, ko duk abin da ke sanyaya miki zuciya. Ki shinshina kan ɗanki. Idan kina tatsa kar ki zuba wa kofin ido kina auna ɗigo, ki kalli yaron. An gwada irin wannan a bincike: a Amurka a 1989 iyayen bakwaini da suka riƙa sauraron kaset na kwantar da hankali sun tatsi nono fiye da waɗanda ba su saurara ba, kuma a wani gwaji a Landan da aka wallafa a 2022 kan jariran da suka zo da ɗan wuri, 'ya'yan matan da suka saurari irin wannan sun fi ƙara nauyi. Taimako ne a kan tatsa da goyon ƙirji, ba ya maye gurbinsu. Idan ɗinki ko wurin aiki na miki zafi, ki sha maganin da aka rubuta miki, farasitamol ba ya hana shayarwa, zafin ciwo kuwa yana riƙe nono.

Kuka ba dalili da saurin fushi a kwana na 3 zuwa na 5 abu ne da mata da yawa ke yi, yakan wuce kafin mako 2. Idan ya zarce haka, ba kya iya barci ko da yaro ya yi barci, abinci ya fita ranki, kina jin ke ce kika jawo ya zo da wuri, ko ba kya son ɗaukarsa, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya. Ciwo ne da ake magani, ba raunin imani ba ne, kuma akwai magungunan da ake sha ana shayarwa. Idan mai jego ta fara sambatu, ko jin muryoyi, ko tunanin cutar da kanta ko jaririn, a kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai, addu'a ta tafi tare da magani.

Mataki na takwas: lissafin da ke nuna yana samu

Maimakon zato, ki ƙirga. Fitsari sau ɗaya a ranar farko, biyu a ta biyu, yana ƙaruwa har ya kai 6 ko fiye daga kwana na 5 zuwa 6. Kashi ya tashi daga baƙi zuwa rawaya kafin kwana 5. A koma asibiti a ɗora shi a sikeli kwana 1 ko 2 bayan sallama, sannan kowane mako. Raguwar nauyi a farko ba abin tsoro ba ce, amma idan ta kai kashi 10 cikin 100 akwai gyara. Ya kamata ya dawo nauyin haihuwarsa zuwa mako 2, daga nan ya riƙa ƙara kamar giram 20 zuwa 30 a rana.

Shawara, wato ciwon da ke sa ido da fata su yi rawaya, ta fi kama waɗannan jarirai, kuma takan kai ƙololuwa a makare, kwana na 5 zuwa na 7, bayan an dawo gida. Kullum ki fito da shi hasken rana na 'yan daƙiƙu ki duba farin idonsa da dasashinsa, ki danna hancinsa ki ga launin fatar. Shanya shi a rana ko ba shi gulukos ba magani ba ne, maganinta fitila mai shuɗin haske a asibiti, jinkiri kuma na iya taɓa ƙwaƙwalwa da ji. A nisanta kafur daga kayansa, kada a shafa masa man zafi ko lalle, domin yara da yawa a ƙasarmu suna da wani gado a jini da ke sa waɗannan abubuwa su farfasa ƙwayoyin jininsu.

A tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne, idan ya ƙi sha sau biyu a jere, ko ya yi laushi ba ya motsi sai an taɓa shi, ko numfashinsa ya kai 60 a minti, ko ƙirjinsa na lotsawa, ko jijjiga, ko jikinsa ya yi sanyi ƙasa da digiri 35.5 ko zafi daga digiri 37.5 a ma'aunin zafin jiki, ko rawaya ta bayyana a ranar farko ko ta sauko tafin hannu da ƙafa. A ƙirji za a ɗauke shi a hanya.

Mataki na tara: janye kofi

Idan ya fara farkawa da kansa, yana haɗiya na minti 10 ko fiye, nono yana laushi bayan ya sha, sikeli kuma yana hawa, sai a fara ragewa. Ki cire kofi a sha ɗaya ko biyu na rana, ki bar sauran, bayan kwana 3 a sake auna shi. Idan nauyi ya ci gaba, ki ƙara cirewa. Tatsa ma a hankali za ki rage ta, don kada nono ya yi tauri. Idan wani gefe ya kumbura ya yi ja kuma zazzaɓi ya rufe ki, ki ci gaba da ba shi nonon ki ga likita. Allurar rigakafi daga ranar haihuwarsa ake lissafa ta, amma zama da rarrafe da murmushi daga ranar da ya kamata ya zo za ki ƙirga. Nono zalla har wata 6, ki kuma tambayi likita ko yana bukatar ɗigon ƙarin jini.